Makunnin da Ba Ya Kashewa: Tarihin Rashin Yarda da Saitin Sirri a Manyan Manhajoji

Kowace kwamfuta ko wayar hannu tana da wata manhaja guda da sauran manhajoji ke zaune a kanta. Ita ce ke karɓar abin da aka danna, ta adana abin da aka rubuta, ta buɗe kyamara, ta kuma haɗa na'ura da intanet. A wannan rubutu za mu kira ta babbar manhaja. Windows ta kamfanin Microsoft ita ce ta mamaye kwamfutoci, yayin da Android ta Google da iOS ta Apple suka raba duniyar wayoyi a tsakaninsu. Matsayin babbar manhaja kamar na yaron gida ne da aka danƙa wa mabuɗan ɗakuna duka, babu abin da zai shiga ko ya fita ba da saninsa ba. Idan wata ƙaramar manhaja ta yi ha'inci ana iya goge ta. Idan kuwa babbar ce ta yi, mai na'ura ba shi da wani ɗaki da zai kai kayansa ya ɓoye.

A cikin kowace babbar manhaja akwai shafin da aka jera makunnai, aka ce su ne saitin sirri: wannan na wurin da kake, wancan na talla, na gaba kuma na bayanan da na'ura ke aika wa kamfani. Da yawa daga cikin waɗanda suka san harkar ba su yarda cewa kashe makunnan nan yana kashe abin da aka ce yana kashewa ba. Kamfanoni sukan ɗauki wannan a matsayin tsoro marar tushe. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan zargi yana da tarihi na kimanin shekara talatin, mai ranaku da sunaye.

Farkon abin: rajista da lambar ɓoye

Lokacin da Windows 95 ta fito a watan Agusta na 1995, ta zo da wata ƴar manhaja ta yin rajista ta layin tarho. Nan da nan jita-jita ta bazu cewa tana leƙa abin da ke cikin kwamfuta ta kai rahoto. Andrew Schulman, marubuci masanin cikin Windows, ya warware ta ya duba, ya tarar lalle tana bincikar ko an girka wasu manhajoji kimanin ɗari, ciki har da na abokan hamayyar Microsoft, sai dai tana nuna wa mutum jerin ta nemi izininsa kafin ta aika. Ke nan a wancan karon jita-jitar ta fi laifin girma.

Shekara huɗu bayan haka labari ya sha bamban. A watan Maris na 1999, Richard M. Smith, shugaban wani kamfanin manhaja mai suna Phar Lap a jihar Massachusetts ta Amurka, ya gano cewa rajistar Windows 98 tana aika wa Microsoft wata lamba ta musamman da ke bambanta kwamfutar mutum da ta kowa, wadda aka samo daga lambar katin sadarwa na na'urar. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne lambar tana tafiya ko da mutum ya zaɓi kada a aika bayanan na'urarsa. Bugu da ƙari, irin wannan lamba tana shiga cikin takardun da aka rubuta da Word da Excel ba tare da marubucin ya sani ba, ta yadda za a iya bin sawun takarda har zuwa kwamfutar da ta fito. Microsoft ya ce kuskure ne, ya yi alkawarin gyarawa da goge lambobin da ya tara. Ya kamata mai karatu ya riƙe siffar wannan lamari da kyau, domin ita ce za ta riƙa maimaituwa: an tambayi mutum, ya ce a'a, bayanin ya tafi duk da haka, wani daga waje ya gano, sannan kamfani ya ce kuskure ne.

A wannan shekarar dai, wani mai bincike kan ɓoye saƙo mai suna Andrew Fernandes ya ci karo da wani mabuɗi a cikin Windows NT da aka laƙaba wa suna _NSAKEY. NSA kuwa ita ce hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka. Microsoft ya ce sunan ya samo asali ne daga cewa hukumar ce ke duba ko manhaja ta cika ƙa'idojin fitar da fasahar ɓoye saƙo zuwa ƙasashen waje, kuma bai taɓa ba ta mabuɗin ba. Manyan masana irin su Bruce Schneier ba su gamsu cewa ƙofar baya ce ba, kuma har yau babu wanda ya kawo hujjar hakan. A nawa ganin, wannan shi ne mafi raunin zarge-zargen da aka taɓa yi wa Windows, amma shi ne ya fi daɗewa a bakin mutane, saboda sunan kaɗai ya isa labari.

Adalci ya wajabta a faɗi amfanin tattara bayanan, domin yana da shi. Windows XP ta 2001 ta zo da tsarin kai rahoton matsala: duk lokacin da wata manhaja ta cije, sai akwati ya fito ya tambayi mutum ko a aika rahoto ko kada a aika. A 2002 Steve Ballmer, shugaban kamfanin a lokacin, ya bayyana abin da rahotannin suka koya musu, wato kimanin kashi 20 cikin ɗari na kurakuran manhaja su ne ke jawo kashi 80 na matsalolin, kuma kashi 1 kacal ke jawo rabinsu. Injiniyan da ya san wannan ya san inda zai fara gyara. Babu wanda ya yi wa akwatin nan bore, domin a gaban idon mutum yake fitowa, a kan matsala guda, kuma amsar a'a tana nufin a'a. Rigimar da za ta zo daga baya ta taso ne daga sauya wannan tambaya ta kowane lokaci da bututun da ke buɗe dare da rana.

A 2006 an sake samun wani tabo. Microsoft ya tura wata manhajar tantance ko Windows ɗin mutum ta asali ce ko ta sata, ya saka ta cikin sahun sabuntawa masu muhimmanci, sai aka gano tana tuntuɓar kamfanin kullum ba tare da an sanar da kowa ba. Kamfanin ya amsa ya kuma rage. Illar da wannan ya yi ta wuce ta bayanan da aka aika, domin ya koya wa mutane shakkar sabuntawa kanta, alhali ita ce hanyar toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi.

Wayoyi sun shigo

Waya ta fi kwamfuta sanin mai ita, tunda tare suke kwana, tare suke tafiya. A watan Afrilu na 2011 wasu masu bincike biyu, Alasdair Allan da Pete Warden, suka nuna cewa iPhone tana ajiye wani fayil marar kariya mai ɗauke da wurare da lokuta na kusan shekara guda. Apple ya ce wuraren turakun sadarwa ne da na Wi-Fi da ke kusa, ba ainihin inda mutum ya tsaya ba, amma ya amsa cewa fayil ɗin yana ci gaba da cika ko da an kashe makunnin wuri, ya kuma kira hakan kuskure. Ya fitar da gyara a watan Mayu. Kafin shekarar ta ƙare, Trevor Eckhart ya fallasa Carrier IQ, wata manhaja da kamfanonin sadarwa suka dasa a cikin miliyoyin wayoyi, wadda mai waya bai san da ita ba balle ya kashe ta.

Hatta ɓangaren manhajoji masu ƴanci bai tsira ba. A watan Oktoba na 2012, Ubuntu, wadda ke cikin fitattun nau'o'in Linux, ta fara aika abin da mutum ya rubuta a gurbin neman fayilolinsa zuwa kamfanin Canonical domin a nuna masa kayan sayarwa na Amazon. Richard Stallman, jagoran fafutukar manhaja mai ƴanci, ya kira ta manhajar leƙen asiri. Sai a 2016 aka mayar da abin a kashe tun daga farko.

Sannan a watan Yuni na 2013 Edward Snowden ya fitar da takardun NSA. Ɗaya daga cikinsu ta jera kamfanonin da ke cikin shirin PRISM da lokacin shigar kowanne: Microsoft ne na farko a 2007, Google a 2009, Apple a 2012. Kamfanonin sun musanta cewa hukumar tana da hanyar shiga rumbunansu kai tsaye, suka ce umarnin kotu kawai suke bi. Ko da an karɓi wannan bayani, darasin da jama'a suka ɗauka yana nan: abin da kamfani ya tara, gwamnati tana iya nema, kuma doka tana iya hana kamfanin faɗa. A watan Mayu na 2014 ƙasar Sin ta hana saya wa ofisoshin gwamnatinta kwamfutoci masu Windows 8.

Windows 10

A cikin wannan yanayi ne Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, kyauta na tsawon shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1, da burin kaiwa na'urori biliyan ɗaya cikin shekara biyu zuwa uku. Kamfanin da ya saba sayar da haja da tsada ya wayi gari yana rabon ta kyauta, dole a tambayi inda ribar take. Wanda ke girka ta yakan ga babban maɓalli na saitin gaggawa, wanda dannawa ɗaya ke kunna kusan komai: lambar talla, wuri, aika samfurin rubutu da murya domin mataimakiyar nan Cortana, da sauransu. Hanyar zaɓe da kanka kuwa ƙaramin rubutu ce a gefe.

Tushen rigimar shi ne bayanan lafiyar na'ura da ake aikawa kai tsaye, waɗanda aka kasa mataki huɗu. Mataki mafi ƙanƙanta an keɓe shi ga nau'o'in Windows na manyan kamfanoni da makarantu. Mai kwamfutar gida, ko ƙaramin ɗan kasuwa, yana iya ragewa amma ba shi da ikon kashewa. Wato an bai wa mai kuɗi ƙofar da aka hana talaka. Makonni kaɗan da fitowarta, mujallar fasaha ta Ars Technica ta gwada kashe Cortana da binciken intanet, ta tarar na'urar tana ci gaba da magana da rumbunan Microsoft. Wasu daga cikin saƙonnin ba su da wata illa a zahiri, amma kamfanin bai wallafa cikakken jerin abin da yake karɓa ba, kuma bayanan a kulle suke tafiya, mai na'ura ba ya iya karanta su. Inda babu bayani kuwa, zato ne ke cike gurbi. Aka riƙa yaɗa cewa Windows 10 tana kwashe duk harafin da aka danna da duk fayil ɗin da aka ajiye, abin da ba a tabbatar ba, amma kamfanin ba shi da abin nunawa da zai kashe maganar.

Abubuwa biyu suka ƙara dagula al'amari. A watan Nuwamba na 2015 Microsoft ya janye babbar sabuntawar farko na ɗan lokaci, saboda an gano tana mayar da wasu saituna huɗu yadda suke tun farko a wasu na'urori, ciki har da na lambar talla. Mutum ya kashe, sabuntawa ta zo ta kunna. Na biyu ya fi muni, domin ba za a kira shi kuskure ba. A watan Mayu na 2016, da wa'adin kyautar ya kusa cika, aka sauya akwatin da ke tallata Windows 10 ga masu tsohuwar manhaja, ta yadda danna jan maɓallin rufewa da ke kusurwa ya zama amincewa da girkawar da aka riga aka sa wa lokaci. Shekaru da dama Microsoft da kansa yana koya wa duniya cewa wannan maɓalli yana nufin ba na so. A ƙarshen shekarar, shugaban sashen tallarsa Chris Capossela ya amsa cewa a nan sun wuce gona da iri. Wannan batu ba na sirri ba ne kai tsaye, amma ni a wurina shi ne ya fi kowanne ɓata amana, domin ya nuna cewa ma'anar maɓalli tana hannun wanda ya zana shi, yana iya juya ta ranar da ya ga dama.

Daga nan hukumomin Turai suka shigo. A watan Yuli na 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ba Microsoft wata uku ya daina tara bayanan da suka wuce kima. A watan Afrilu na 2017 kamfanin ya wallafa jerin bayanan da yake karɓa a karon farko, ya ce ya rage na ƙaramin mataki da kusan rabi, ya kuma cire saitin gaggawa. CNIL ta rufe ƙarar a watan Yuni, amma a watan Oktoba takwararta ta Holan ta ce har yanzu ana saɓa dokar ƙasarta, domin ba a yi wa mutane bayanin da zai sa amincewarsu ta zama ta gaskiya ba. A 2018 aka fitar da wata manhaja da ke nuna wa mutum bayanan da na'urarsa ke aikawa. Da an yi haka tun 2015, da rabin rigimar ba ta taso ba.

Ba haɗari ba ne cewa daga Turai matsin ya fito. A Holan, rajistar jama'a mai tsari da aka tanada domin gudanar da mulki ita ce ta sauƙaƙa wa ƴan Nazi farautar Yahudawa, har kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar suka halaka, kuma a watan Maris na 1943 ƴan gwagwarmaya suka kai wa ofishin rajistar Amsterdam hari domin ƙona takardun. A Jamus ta Gabas hukumar Stasi ta bar fayiloli masu tsawon kilomita sama da ɗari in an jera su. Jihar Hesse ta Jamus ce ta kafa dokar kare bayanai ta farko a duniya a 1970, kuma a watan Disamba na 1983 kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma, a shari'ar ƙidayar jama'a, ta tabbatar da haƙƙin mutum na yanke hukunci a kan bayanan da suka shafe shi. Mutanen da suka ga haka sun san cewa wanda ya tara bayani da kyakkyawar niyya ba lalle ne shi zai yi amfani da shi gobe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Makunni biyu, ƙofa ɗaya

Misali mafi bayyana na makunnin da ba ya kashewa daga Google ya zo. A watan Agusta na 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa binciken da masana na jami'ar Princeton suka tabbatar, cewa dakatar da saitin tarihin wurare ba ya hana Google adana inda mutum yake. Akwai wani saiti na daban, na ayyukan intanet da manhajoji, wanda sunansa bai ambaci wuri ba, kuma a kunne yake tun asali, shi ma yana tara wuraren. Shafin taimako na kamfanin kuwa ya gaya wa mutane cewa idan sun kashe na farkon ba a ƙara ajiye wuraren da suka je. A nan babu batun kuskuren injiniya. Tsari ne da aka gina, aka kuma raɗa wa sassansa sunaye. A watan Agusta na 2022 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci Google tarar dalar ƙasar miliyan 60 a kan wannan batu, a watan Nuwamba kuma ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5.

Ɗalibin harshe zai lura cewa shari'o'in nan a kan kalmomi aka yi su. Tambayar da alƙalai suka duba ita ce me mutum mai hankali zai fahimta in ya karanta sunan makunni. Wannan yana da nasaba da mu, tunda an taɓa fassara Windows zuwa Hausa, wasu wayoyin Android ma suna da fassarar Hausa, kuma kalmar da aka fi amfani da ita ita ce sirri. Sirri a Hausa abu ne da ake ɓoyewa, kuma mai jin bai aikata abin kunya ba zai iya cewa shafin bai shafe shi ba. Abin da ake magana a kai ya fi kusa da amana, wato abin da ka ba wani ajiya da sharaɗi. Mai fassarar da aka miƙa wa jimlar da tun a Turanci aka gina ta domin ta ruɗar, komai ƙwarewarsa, ruɗanin zai fassara.

A ƙasashenmu matsalar tana da wata fuska da Turawa ba su cika fama da ita ba. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a masu araha ne, masu Android da kamfanin ƙera wayar ya yi wa ƙari da nasa manhajojin da ba sa goguwa. A watan Agusta na 2020 kamfanin tsaro na Upstream ya ba da rahoton cewa an sami muguwar manhajar nan Triada a cikin dubban wayoyi samfurin Tecno W2 tun daga kwali, a ƙasashen da suka haɗa da Gana da Kamaru da Habasha da Masar, tana jawo wata manhajar da ke ƙoƙarin yi wa mutane rajistar ayyukan biya ba da saninsu ba. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, kuma ya fitar da gyara. Babu wani makunni a shafin sirri da zai yi maganin irin wannan. Dokoki dai suna nan a rubuce: Gana ta yi tata a 2012, Nijar a 2017, Nijeriya kuma a 2023. Sai dai hukumomin da ke riƙe da su ƙanana ne in an gwada su da kamfanonin da ke gabansu, kuma galibin gyare-gyaren da muke cin moriyarsu a na'urorinmu matsin Turai da Amurka ne ya haife su.

A ranar 20 ga Mayu, 2024, Microsoft ya sanar da wani sabon abu a Windows 11 mai suna Recall, wanda zai riƙa ɗaukar hoton allon kwamfuta duk bayan ƴan daƙiƙu, domin mutum ya iya nemo duk abin da ya taɓa gani. Kamfanin ya jaddada cewa hotunan a cikin na'urar za su zauna, ba za a aika masa ba. Cikin kwanaki masana tsaro, musamman Kevin Beaumont na Ingila, suka nuna cewa rubutun da ake tatsa daga hotunan yana zaune a rumbun da ba a kulle ba, wanda kowace muguwar manhaja za ta iya kwashewa. Kafin ranar fitowa Microsoft ya ja da baya, ya ce zai zo a kashe sai wanda ya so ya kunna, sannan ya ɗage shi ɗungurungum. An sake gina shi da kulle da tantance fuska ko yatsa, ya fito a watan Afrilu na 2025. Wata guda bayan haka, masu manhajar saƙo ta Signal suka sanar cewa sun sa manhajarsu ta Windows ta hana ɗaukar hoton allonta tun asali, ta hanyar aron dabarar da kamfanonin fina-finai ke amfani da ita wajen hana satar fim, domin Microsoft bai tanadar wa masu manhajoji wata hanya ta musamman da za su ce kada Recall ya leƙa su ba.